Daga Falgore zuwa Fadamar Haɗeja: Nazari a kan Gandayen Namun Daji na Kogin Kano

1.0 Gabatarwa

Garin da ke bakin teku yakan san iyakarsa, domin inda ƙasa ta ƙare nan ruwa ya soma, kuma abin da ya rage masa na daji a tsakanin gidaje da ruwa a fili yake, kowa na ganinsa. A Ikko, alal misali, tun 1990 aka keɓe hekta 78 na kurmi da fadama a Lekki, inda birai da kadoji da tsuntsaye suke zaune, gine-gine sun kewaye su. Kano ba ta bakin teku, kuma ruwan koginta ma ba ya zuwa teku. Daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya bi ta Wudil da Haɗeja da Gashuwa, abin da ya tsira daga rana da rairayi ya faɗa Tafkin Cadi. Saboda haka mutumin Gyadi-Gyadi ko Tarauni, in ana maganar namun daji, ba abin da yake faɗo masa a rai sai Gidan Zu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wuraren da aka keɓe domin namun daji da tsuntsaye a kewayen Kano, watau Dajin Falgore daga kudu da Fadamar Haɗeja da Nguru daga arewa maso gabas, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ita ce kogi, kuma birnin Kano a tsakiyar igiyar nan yake. Za mu fara da ma'anar kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen keɓe daji, sa'an nan mu bi ruwan zango-zango daga sama zuwa ƙasa. A ƙarshe za mu duba abin da harshen Hausa zai yi asara in wuraren nan suka lalace, domin nan ne maganar ta fi shafar ɗaliban wannan sashe.

2.0 Gandu, kurmi da hurumi

A asali, gandu shi ne babbar gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke nomawa tare, a zuba amfaninta a rumbu ɗaya. Kishiyarsa ita ce gayauna, 'yar gonar da mutum yake yi wa kansa. Akwai kuma gandun sarki, kuma daga irinsa ne unguwar Gandun Albasa, maƙwabciyar Gidan Zu, ta samo sunanta. Abin lura a nan shi ne, gandu yana da mai shi, yana da masu yi masa aiki, kuma kowane mai aiki yana da rabo a cikinsa. Da Turawa suka zo da tsarin keɓe dazuzzuka, sai aka ari kalmar aka ce “gandun daji”, amma ba a aro ta da wannan ma'ana ta rabo ba. Abin da talaka ya gani shi ne an shata iyaka, an hana shi sara da farauta da kiwo, an kuma sa malamin daji ya ci tararsa in ya ƙetare. Daga nan ne rashin jituwa tsakanin gandun daji da maƙwabtansa ya samo tushe.

Keɓe daji kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe da labarin Barbushe da kakansa Dala, ya ambaci farautar giwa, ya kuma ambaci wani kurmi a Jakara da mutanen wancan zamani suke tsarkakewa, mai suna Kurmin Baƙin Ruwa. Ɗalibi ya lura da ƙugiyar nan: baƙin ruwa ne, domin launin ruwan da ya kewaye kurmin, ba bakin ruwa ba. Kurmin ya daɗe da gushewa, amma kalmar ta zauna a sunan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Musulunci ma ya zo da nasa tsarin. Akwai hurumi, watau filin da ake bari a kewayen gari ko rijiya ko kogi domin amfanin kowa, ba mai ikon mallake shi. Akwai kuma hima, ƙasar da shugaba yake keɓewa domin maslahar jama'a, kamar yadda aka keɓe Naƙi'u kusa da Madina a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Ta'alimur Radi. Ban da wannan, sarautun gargajiya irin su Sarkin Dawa da Sarkin Baka da Sarkin Ruwa su ne suke faɗin lokacin da za a fita farauta ko a faɗa su, da lokacin da za a dakata.

Dokokin zamani sun biyo baya ne. A 1916 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji, a 1963 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata. An keɓe Yankari a ƙasar Bauci a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gandun Tafkin Kainji shi ne na farko da ya zama mallakar tarayya, a 1979.

3.0 Zango na farko: Dajin Falgore

Wanda ya tashi daga Gyadi-Gyadi ya bi titin Zariya, in ya kai Kwanar Dangora ya karya hagu ta Tudun Wada, zai shiga Dajin Falgore bayan tafiyar kilomita wajen 150, domin hanyar Jos ta cikinsa ta ratsa. Dajin ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma faɗinsa ya kai hekta 92,000, watau ya ninka ƙaramar hukumar Tarauni, mai murabba'in kilomita 28, fiye da sau talatin. Daga gabas ya yi iyaka da gandun Lame-Burra na Jihar Bauci. An fara keɓe shi ne a shekarun 1940 da sunan Gandun Dajin Kogin Kano, a 1969 kuma aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji.

Tsohon sunan nan ya fi bayyana amfanin wurin. Kogin Kano ta tsakiyar dajin ya wuce, kuma rafuffuka masu yawa daga tsaunukan yankin Riruwai a nan suke zuba masa. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga birni, shi ya sa itatuwan wurin suka bambanta da na kewayen Kano. A nan ake samun doka da maje da ƙawo da marke da kirya da kaɗanya, a bakin rafi kuma maɗaci da giginya. Aikin da itatuwan nan suke yi wa kogi shi ne, ganyensu yana karya ƙarfin ruwan sama kafin ya taɓa ƙasa, saiwoyinsu suna riƙe ƙasar, ruwan ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafi har bayan ɗaukewar damina. In aka sare su, ruwan yakan kwararo gaba ɗaya, ya kwashi ƙasa da yashi ya kai cikin madatsar da ke gaba, ya rage mata zurfi.

Namun da aka san dajin da su sun haɗa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da gada da gadu, ga kura da dila, ga birai iri-iri kamar bika da jan biri. Manya daga cikinsu sun yi ƙaranci ƙwarai a yau, kuma dalilan a bayyane suke. Na farko farauta da bindiga ba tare da kiyaye lokacin haihuwa ba. Na biyu sare itace domin girki da gawayi da katako. Na uku yawan shanu, domin da gonaki suka cinye burtali da makiyaya a wasu wurare, sai garkuna suka taru a inda ciyawa ta rage. Na huɗu gobarar daji ta kowane rani. Na biyar kuwa rashin tsaro: a wajen 2015 sunan Falgore ya fi fitowa a labarin ɓarayin shanu da 'yan fashi, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da wani sashe nasa filin horo. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10, Falgore na cikinsu. Sai dai sauya suna a takarda ba ya mai da ɓauna daji, sai an sami ma'aikata da kayan aiki, an kuma sami yardar ƙauyukan da ke kewaye.

4.0 Zango na biyu: Tiga da birnin Kano

Da kogin ya fito daga Falgore ta arewa, sai ya faɗa Tafkin Tiga. An gina madatsar Tiga daga 1971 zuwa 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma aikin ya zo daidai da babban farin da ya addabi ƙasashen bakin hamada daga 1972 zuwa 1974. Tafkin ya mamaye murabba'in kilomita wajen 178. Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda shinkafa da alkama da tumatir suke fitowa. A 1992 aka gama madatsa ta biyu a kan Kogin Calawa, a ƙasar Ƙaraye. Kogunan biyu suna haɗuwa a wajen Tamburawa, daga nan su zama kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Haɗeja. Matatun ruwa na Calawa da Tamburawa daga kogunan nan suke ɗibar ruwan da ake turo wa birni. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce mai riƙe da makullin madatsun biyu, kuma hedikwatarta tana nan kan titin Maiduguri.

Ashe ke nan mazaunin Tarauni, ko bai taɓa taka Falgore ba, yana da hannu a cikin al'amarinsa ta hanya uku. Ta farko ruwan famfo da abincin noman rani. Ta biyu makamashi. Wani bincike da masana labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, ciki har da Michael Mortimore, suka buga a 1990 a kan itacen girki a Kano, ya gano cewa manoman karkarar da ke dab da birni suna tattalin itatuwan gonakinsu, ba sa barin su ƙare, kuma itacen da birni yake ƙonawa ya koma zuwa daga dazuzzuka masu nisa a cikin manyan motoci. Watau itacen da ke da mai shi ya tsira, wanda aka ce na gwamnati ne shi gatari ya samu. Wannan ya komo da mu ga ma'anar gandu da muka faɗa a baya. Ta uku ita ce ƙazanta, domin dagwalon masana'antun Sharaɗa da Calawa, musamman na majemu, cikin Kogin Calawa yake ƙarewa, daga nan ya gangara ga masunta da makiyayan da ke ƙasa.

A wannan zango ne Gidan Zu yake, wanda shi ma Audu Baƙo ya kafa, aka buɗe shi a 1972, kuma yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Lokacin da aka gina shi a gefen gari yake. Yau kuwa gidaje da kantuna sun yi masa zobe, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutum 221,367 a ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai. Amfaninsa biyu ne. Yana daga cikin 'yan wuraren da suka rage a tsakiyar birni masu tarin manyan itatuwa, inda tsuntsaye suke samun mafaka. Kuma a nan ne yaron birni yake fara ganin zaki da kura da jimina ido da ido, musamman a lokacin bukukuwan salla. A watan Oktoba na 2019, da wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, unguwannin kewaye sun kwana cikin zullumi kafin a mai da shi. Abin da ya kamata ya fi ba mu tsoro shi ne, zakunan da suka rage a dazuzzukan Nijeriya ba su kai 50 ba, kuma a Yankari da Kainji kaɗai suke. Keji yana tsare ran dabba, amma ba ya nuna yadda take kiwo da farauta da renon 'ya'ya. Saboda haka Gidan Zu makaranta ce ta share fage, ba zai maye gurbin daji ba.

5.0 Zango na uku: Fadamar Haɗeja da Nguru

Bayan kogin ya wuce garin Haɗeja, sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi a jere. A nan yake rarrabuwa hannu-hannu, ya gamu da Kogin Jama'are da ke zuwa daga ƙasar Bauci, ruwan ya bazu tsakanin tuddan ya zama tafkuna da fadamu, kafin ya sake tattaruwa a wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, gandun Baturiya da ke wannan fadama, a yankin Kiri Kasamma, a cikin Jihar Kano yake.

Rayuwar fadamar a kan ambaliya take. A da, ruwa yakan cika a watannin Agusta da Satumba, ya malale ƙasa, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya shuka shinkafa. In ruwa ya fara janyewa, sai a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani, masunta su kama tarwaɗa da karfasa da gaiwa a kududdufai, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Wani kaso na ruwan kuma yakan nutse ƙasa, ya ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. Fili ɗaya yakan ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa. Fiye da mutum miliyan ɗaya ne suke dogara da wannan tsari.

Tsuntsaye ma da wannan lokaci suke aiki. An lissafa iri 377 a fadamar. Akwai 'yan gida kamar dinya da ƙirinjijiya da zalɓe da jinjimi da balbela. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da 'yan ƙananan tsuntsayen bakin tafki, waɗanda suke hayayyafa a Turai da arewacin Asiya, su gudo daga sanyi, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso a wajen watan Oktoba, su koma a wajen Maris. Ga tsuntsun da ya ƙetaro hamada, wannan fadama tana cikin ruwan farko da zai tarar. A wasu shekaru na 1990, ƙidayar da ake yi a watan Janairu ta haura tsuntsayen ruwa 200,000.

Wannan ne ya jawo hankalin duniya. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, wadda ta shiga cikin Gandun Ƙasa na Tafkin Cadi a 1991. Akwai wata yarjejeniya ta kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wurin farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, a shekarar 2000, shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin jerin muhallan da take kula da su, kuma Baturiya na cikin gandaye 10 da tarayya ta amince da su a shekarar.

Duk da waɗannan lambobin girma, fadamar ta ragu. A shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliya takan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000. Zuwa shekarun 1980 da farkon 1990 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000. Fari yana da nasa laifi, musamman na 1983 da 1984, amma madatsun ruwa sun sauya ɗabi'ar kogin ɗungurungum. Suna riƙe ruwan damina, ambaliya ta ragu, sa'an nan su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa. Wannan shi ne abin da kacala take so. Ciyawar nan ta cika mashigai, ta tare laka, ta toshe hanya. Sai ruwa ya karkata ya taru a mashigin Marma ta wajen Nguru, ya cinye gonaki da gidaje, alhali wasu hannuwan kogin, kamar Burum Gana, suna fama da ƙishirwa. Daɗin daɗawa, kacala ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da dawa da shinkafa.

Masana sun auna wannan ciniki. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka kwatanta amfanin da ake samu daga ruwa in an bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da su da itace, da amfanin da ake samu in an ba da shi ga noman rani na Kogin Kano. Suka tarar cewa, in da yawan ruwan da aka kashe za a yi awo, na fadama ya ninka na noman rani sau da yawa. A 1993 kuma G. E. Hollis da W. M. Adams da M. Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan fadamar. Shawarar da ta fito daga waɗannan nazarce-nazarce ba ta rushe madatsa ba ce, domin birni ba zai rayu ba tare da ita ba. Shawarar ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa a tsakiyar damina domin a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage shi da rani domin mashigai su sha iska. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa, watau Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka kafa asusu na haɗin gwiwa a Damaturu domin kula da shi. Wannan ya tabbatar da cewa ba jihar da za ta iya gyara rabonta na kogin ita kaɗai.

6.0 Abin da harshe zai rasa

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da madatsa da kacala? Amsa ita ce, kaso mai yawa na hikimar Hausa a kan lura da dabba da tsuntsu aka gina shi, kuma in abin da aka lura da shi ya ɓace, maganar takan zama ɓawo ba ƙwaya.

Mu ɗauki “shigar burtu”. Kowa yana faɗinta ga wanda ya ɓad da kama domin ya cuci wani. Amma ɗalibai nawa ne suka san cewa burtu wani babban baƙin tsuntsu ne mai yawo a ƙasa, wanda namun daji ba sa gudunsa, shi ya sa maharbi yake ɗaura siffar kansa a goshi, ya sunkuya yana taku irin nasa har ya kusanci nama? Wanda bai san wannan ba ya riƙe ma'ana, amma hoton ya kuɓuce masa. Haka “barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe” take bukatar wanda ya san saurin barewa. “Kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta” tana bukatar wanda ya taɓa duban ƙafar shamuwa, tsuntsuwar da take zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itacen tsakar gari ba mai taɓa ta, ta koma kudancin Afirka in rani ya yi. Wannan kariya da al'ada ta ba shamuwa ta girmi kowace doka ta gandun daji.

Wasu tsuntsayen kuwa a gaban idonmu suka tafi. “Ungulu ba ta jewar banza”, in ji Bahaushe, kuma dattawanmu sun san lokacin da take cika mahauta da kasuwannin Kano. Yau da wuya a gan ta, kuma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun da muka saba da shi cikin waɗanda suke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta domin magani da tsibbu. Gauraka mai tukku, wanda a da ake kiwonsa a gidajen sarauta, ya kusa ƙarewa a dajin Nijeriya, har aka yi taron ƙasa da ƙasa a kansa a nan Kano a 1992. Yaron da ya tashi yau zai ji waɗannan sunaye a tatsuniya da karin magana da kirari kamar yadda yake jin sunan dodo.

Magabata sun yi nasu ƙoƙari. J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a 1916. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 cike yake da sunayen namun daji da tsuntsaye da kifaye, waɗanda ya ji daga bakin mutanen da suka san su. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Amma ƙamus yakan ba da suna da taƙaitaccen bayani ne kawai. Sanin da ke bayan sunan, kamar yadda maharbi yake bambance sawun mazo da na gada, da sunan da masunci yake ba kifi ɗaya yana ƙarami da kuma in ya girma, da kirarin kowace dabba da camfin da ke tattare da ita, duk yana cikin kawunan tsofaffin da ke ƙauyukan bakin Falgore da Baturiya, kuma kullum raguwa suke yi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Falgore yana tsare mafarin kogi, Tiga da Calawa suna riƙe ruwansa, birni yana sha yana kuma zuba masa dagwalo, fadamar Haɗeja da Nguru kuwa tana jiran abin da aka rage mata. Itacen da aka sare a Doguwa yana rage zurfin Tiga, makullin da aka murɗa a Tiga yana iya hana masuncin Nguru kamu, ya kuma hana tsuntsun da ya taso daga Turai wurin sauka. Mun kuma ga cewa shinge da doka ba su isa ba, sai maƙwabtan daji sun ga rabonsu a cikinsa kamar yadda ɗan gida yake ganin rabonsa a gandun ubansa.

Sakin ruwa da ɗaukar ma'aikatan daji aikin hukuma ne. Namu aikin, mu ɗaliban Hausa, shi ne tattara sanin da ke bakin mutane tun masu shi suna da rai. Muna ba da shawara ga masu neman batun kundin digiri su duba wannan fage. Wani ya zauna da maharban ƙasar Tudun Wada da Doguwa, ya rubuta sunayen namun daji da kirarinsu da kalmomin farauta. Wani ya je wurin masuntan Haɗeja, ya tattara sunayen kifaye da tsuntsayen ruwa da kayan su, ya sa musu karin sauti da tsawon wasali, ya kuma kwatanta su da na Badanci da Barbarci da Fulatanci, domin a ga wanda ya ara daga wani. Wani kuma ya ɗauki karin magana ɗari masu ambaton dabbobi, ya gwada su a kan 'yan makarantun Tarauni, a ga nawa ne suka san dabbar da ake nufi. Irin wannan aiki zai amfani mai nazarin harshe, zai kuma amfani ma'aikacin daji, domin ba zai iya yi wa manomi da makiyayi bayanin abin da ake so a kare ba sai da sunan da suka san shi da shi.